Filin Gwaggo: Ruwan Jakara ya haɗa ni da Baba

Gwaggo, mahaifina manomin lambu ne a bakin rafin Jakara. Da latas da alayyafo da kabeji ya rene mu, har ga shi ina aji uku a jami'a ina karanta aikin gona. Na ce masa ruwan da yake ba shukarsa yana da illa, sai ya ce boko ya sa na raina sana'arsa. Yanzu gaisuwa kawai yake amsa min. Yaya zan yi?
Ɗan manomi, Kano

To, ɗana. Maganarka gaskiya ce. Jakara tana kwashe ruwan kwatamin cikin birni, rafin Getsi kuma yana kawo mata dagwalon masana'antun Bompai, har da na majemu masu aiki da sinadarin kuromiyam. Amma ka duba ta wajen Baba. Da rani ba shi da wani ruwan, kuma wannan dattin ne ke sa ganyensa ya yi kore shar ba tare da ya sayi taki mai yawa ba. Da ka kushe ruwan ba ka zo masa da madadi ba, abin da ya ji shi ne ka ce ya tashi daga lambun da ya biya maka kuɗin makaranta.

Ka fara da ba shi haƙuri, ta hannun mahaifiyarka ko wani baffanka da yake jin nauyinsa. Ranar da ba ka da darasi, ka bi shi lambu da asuba, ka kama masa jan tiyo da tayar da injin ban-ruwa. Kada ka ta da zancen ruwa sai fuskarsa ta saki.

Daga nan sai ka sa karatunka ya yi masa aiki. Jami'ar Bayero tana da cibiyar binciken noma a yankuna masu ƙarancin ruwa tun 2012, akwai kuma masana kimiyyar ƙasa da ɗakunan gwaji. Ka ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta, ka ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban na lambun, ka nemi malaminka ya nuna maka inda za a auna. In Baba da maƙwabtansa na lambu suka rubuta takarda da sunan ƙungiya, tare da malamin gona na hukumar noma ta KNARDA, za a fi saurin sauraronsu. Ni a ganina ma malaman ne ya kamata su riƙa sauka bakin rafi da ɗalibansu, tunda wannan latas ɗin su ma shi suke saye a kasuwa.

Kafin sakamako ya fito, akwai abin yi. A haƙa rami a tara ruwan ya kwanta kafin a ja shi. A riƙa zuba shi a gindin shuka, kada ya taɓa ganye, a kuma daina ban-ruwa kwana biyu ko uku kafin a yanka. Wannan yana rage ƙwayoyin cuta, musamman a ganyen da ake ci ɗanye. Sinadaran masana'anta kuwa ko dafuwa ba ta fitar da su. In gwaji ya nuna sun yi yawa, sai a nemi wani ruwan, kamar rijiyar burtsatse ta haɗin gwiwa, ita ma a auna ruwanta. Ka bar Baba ya yanke wannan shawarar da kansa. Allah ya daidaita tsakaninku.

Gwaggo, na shuka tumatir a buhuna a tsakar gida, sai ganyen ya yi fararen zane, 'ya'yan kuma duk huji. Wane magani zan saya?
Uwargida, Zariya

'Yata, kada ki sayi komai tukuna. Alamun sun yi kama da sharon, tsutsar da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016, kuma tana saurin sabawa da maganin feshi. Ki tsinke ganye da 'ya'yan da suka kamu ki ƙone su. Ki ƙulla kaɗan a leda ki kai Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take da cibiyar binciken noma ta IAR da ta wayar da kan manoma, NAERLS. Ki nemi sashen kula da cututtukan shuka su duba miki. In kika kwashe wannan, ki canza ƙasar buhunan, ki sa alayyafo ko rama kafin ki sake komawa tumatir.