Darasin Wata: Tumbi Ba Arziki Ba Ne

Karatu: 1 Korinthiyawa 6:19-20.

'Yan'uwa, in an ga mai tumbi akan ce ya ji daɗi. Amma kitsen da ya taru kewaye da hanji da hanta yakan jawo ciwon suga da hawan jini. Manzo Bulus ya koya mana jikinmu na Ubangiji ne, amana aka ba mu.

Ga gwaji: ka auna cikinka da igiya, sama da cibiya kaɗan. In ya kai rabin tsawonka, lokacin gyara ya yi.

Ba motsin da ke narkar da kitsen ciki shi kaɗai. Daga dukan jiki yake raguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau 5. Mazaunin Goron Dutse a Kano, ga dutse a ƙofarsa: ya riƙa hawa da sassafe, sannu sannu. Mai hawan jini ya fara ganin likita.

Ka rage malmalar tuwo da soye-soye da lemon kwalba. Ka ƙara wake da zogale.

Tambaya: Duba Galatiyawa 5:23. Kamewarka ta kai bakin akushi?