Ma'ana da Amfanin Kalmar "Ƙirji" a Hausa

Ƙirji shi ne sashen gaba na jiki, tun daga ƙasan wuya har zuwa saman ciki, inda haƙarƙari ya kewaye huhu da zuciya. Kalmar suna ce, jinsin namiji, jam'inta kuwa ƙiraza, kamar yadda sirdi yake zama sirada. Wannan jam'i ya nuna cewa saiwar kalmar ita ce ƙirz-. Wasalin "i" ne ya ganɗanta "z" ta koma "j", kamar dai a miji da maza.

Bahaushe bai tsayar da kalmar kan gaɓar jiki kaɗai ba. Wanda ya bugi ƙirji ya ɗauki nauyin wani al'amari ne cikin ƙarfin hali. Ƙirjin biki kuwa shi ne wanda yake kan gaba a hidimar biki. Haka kuma, saboda kunya, akan ce ƙirji a sakaya nonon mace.

Wajibi ne a rarrabe ƙirji da gaba, ko da yake sukan yi tarayya. Faɗuwar gaba tsoro ne, amma ciwon gaba yana iya nufin ciwon al'aura. Shi kansa ciwon ƙirji yana iya zama na huhu, ko na zuciya, ko ƙwannafi kurum. Saboda haka tafintan da ya sauya ɗaya da ɗaya a gaban likita yana iya jawo wa majinyaci maganin cutar da ba ita ke damunsa ba.