Ciwon Zuciyar da Kan Shigo Yayin Jinyar Cutar Bairos

Mai karatu, idan an kwantar da kai ko wani naka a asibiti saboda cutar bairos, kamar mura mai tsanani ko korona, hankalin kowa yakan koma kan zazzaɓi da tari. To amma akwai wani ciwon zuciya da kan shigo a daidai wannan lokaci, wanda likitoci ke kira Takotsubo.

Likitocin ƙasar Japan ne suka fara bayyana shi a 1990. Sunan kuwa na wata tukunya ce da masuntan can ke kama wata dabbar teku da ita, mai siffar tulu: gindi a buɗe, wuya siriri. Haka sashen zuciya na hagu, wanda ke tura jini zuwa ga jiki, yake komawa idan ciwon ya kama shi. Ƙasansa ya kumbura ya daina matsawa yadda ya kamata.

Masana na ganin yawan sinadarin adirinalin da jiki ke saki lokacin tashin hankali shi ke gigita tsokar zuciyar. Da yawa sun ɗauka baƙin ciki kaɗai ke jawo shi, kamar rasuwar miji ko ɗa. Ba haka ba ne. Wani babban bincike na 2015 a kan majiyyata 1,750 a Turai da Amurka ya gano cewa wahalar jiki, irin su rashin lafiya mai tsanani ko tiyata, ita ce sanadi a kashi 36 cikin 100, damuwar rai kuma kimanin kashi 28. Tara cikin goma mata ne, galibi waɗanda suka daina al'ada. Kusan 4 cikin 100 sun rasu a asibiti.

A nan ya kamata ka natsu. Wanda rashin lafiyar jiki ta jawo masa wannan ciwo ya fi shiga haɗari a kan wanda baƙin ciki ya jawo masa. Dalili kuwa a fili yake: huhu ya riga ya gaza ba da isasshiyar iska, zazzaɓi na sa zuciya gudu, sai ga ita kanta zuciyar ta yi rauni. An ga haka lokacin annobar korona da ta fara yaɗuwa a 2020. Majiyyatan da ciwon biyu suka haɗu musu sun fi fama da faɗuwar ƙarfin jini, sun fi buƙatar na'urar taimakon numfashi, kuma mace-mace ya fi yawa a cikinsu. Ruwa kan taru a huhu, bugun zuciya kan rikice, wani lokaci jini ya daskare a cikin zuciya ya haddasa shanyewar ɓarin jiki.

Alamunsa su ne ciwon ƙirji, ƙarancin numfashi, jiri ko suma. Matsalar ita ce a ɗakin jinya akan ce ai ciwon da aka zo da shi ne. Kada ka yanke wannan hukunci da kanka. Idan numfashi ya ƙara tsananta farat ɗaya, ko ƙirji ya ɗauki sabon ciwo, kira ma'aikaciyar jinya nan take, ko da tsakar dare ne. Likita zai yi gwajin ECG, da gwajin jini, da hoton zuciya, domin ciwon yana kama da toshewar jijiyar zuciya ƙwarai, alhali a mafi yawan masu shi jijiyoyin a buɗe suke.

Abin farin ciki, ga wanda ya tsallake kwanakin farko, zuciya takan koma aikinta cikin 'yan makonni zuwa wata biyu. Bayan sallama, sha magungunanka kamar yadda aka rubuta, kuma ka dawo a sake ɗaukar hoton zuciyar ranar da aka sa maka, ko da kana jin ka warke. Ciwon yakan dawo wa wasu kaɗan, saboda haka duk asibitin da ka je nan gaba, sanar da likita cewa ka taɓa yin sa.