SUNA DA WASIƘA TSAKANIN MASU LALITAR KIRIFTO: ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU SANI

Duk ɗan Nijeriya da ya karɓi lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, ya san akwai hukumar da ta rubuta sunansa, ta ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. In an yi kuskure, akwai ofishin da zai je a gyara masa. To, yanzu an sami wata irin shaida a intanet wadda babu hukuma ko kamfani guda da ke riƙe da ita, masu hulɗa da kuɗin kirifto kuwa su suka fi amfani da ita. Tun da yake dokar zuba jari ta shekarar 2025 ta sa irin waɗannan kadarori ƙarƙashin kulawar hukumar SEC, lalle ne jama'a su fahimci yadda abin yake kafin su tsoma hannu.

Mece ce Lalita?

Lalita, wadda matasa ke kira walet, manhaja ce da a kan sa a waya ko kwamfuta. Ba kuɗi ne a cikinta ba, mabuɗi ne. Su kuɗin suna rubuce cikin wani babban kundi da a ke kira bulokcen, wanda dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa. Kowace lalita tana da adireshi, tana kuma da mabuɗin sirri. A tsarin Ethereum, wanda ya fara aiki a 2015, adireshin haruffa ne da lambobi 42, ya kan fara da 0x. Mabuɗin kuwa a kan samo shi daga kalmomi 12 ko 24 da a ke ba mutum ran da ya buɗe lalita. Duk wanda ya riƙe kalmomin nan, shi ne mai lalitar.

Suna Maimakon Lamba

Haddace adireshi mai tsawo haka abu ne mai wuya. Saboda haka a 2017 aka buɗe tsarin ENS, wanda Nick Johnson ya jagoranci kafa shi. Mutum ya kan yi rajistar gajeren suna mai ƙarewa da .eth, ya ɗaura shi a kan adireshinsa, kamar yadda Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ethereum, ya ke amfani da vitalik.eth. Yana iya ƙara hoto da ɗan bayani game da kansa, kowace manhaja mai aiki da tsarin kuwa za ta nuna su. Sunan haya ne, ana biya shekara-shekara: dala 5 ga suna mai haruffa biyar ko fiye. In wa'adi ya cika, a kan ɗaga wa mutum ƙafa har kwana 90, daga nan wani na iya ɗauke sunan.

Yadda Wasiƙa Ke Tafiya

Hanyoyin aika saƙo iri biyu ne. Ta farko ita ce rubuta magana a jikin aiken kuɗi. Wannan ta kan zauna cikin kundi har abada, kowa yana karantawa. A watan Agusta na 2021, wanda ya kwashe fiye da dala miliyan 600 daga Poly Network ta haka ya riƙa magana da masu tsarin, duniya na kallo.

Ta biyu ita ce hira ta asiri, irin ta tsarin XMTP, wanda Coinbase Wallet ta fara amfani da shi a 2023. A nan ba a neman lambar waya ko imel. Mutum ya kan sa hannu da mabuɗinsa, a kulle saƙon ta yadda daga mai aikawa sai mai karɓa ke iya karanta shi.

Inda Haɗarin Yake

Hausawa sun ce suna linzami ne, amma a nan suna ba ya tabbatar da ko wane ne mutum. Abin da ya ke nunawa kurum shi ne mai shi yana riƙe da mabuɗi. Ba a tambayar kowa takarda wajen rajista, don haka ɗan damfara na iya ɗaukar suna mai kama da na banki ko na sanannen mutum, ya sāke harafi ɗaya tak.

Bugu da ƙari, wanda ya ɗaura sunansa na gaskiya a kan lalita ya buɗe aljihunsa ga kowa, gama ana iya ganin abin da ya shiga da abin da ya fita. Kuɗin da aka aika bisa kuskure kuwa, babu manajan da zai mayar da su.

Abin Kiyayewa

1. Kada a faɗa wa kowa kalmomin sirri. A rubuta su a takarda, a adana. Duk saƙon da ya nemi su, na ɓarawo ne.
2. Kada a sa hannu a kan abin da ba a gane ba, domin sa hannu ɗaya na iya ba wani izinin kwashe dukiya.
3. A duba adireshi duka kafin aika kuɗi. Macuta su kan ƙirƙiro adireshi mai farko da ƙarshe iri ɗaya da na abokin hulɗa.
4. A raba lalitar ajiya da lalitar suna da hira.
5. A tabbatar da mai saƙo ta wata hanya dabam, kamar buga waya ko ganin ido.
6. A sabunta suna kafin wa'adinsa ya cika.

Wanda aka cuta ya kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC ba da jinkiri ba, tare da adireshin da kuɗin suka tafi. Amma rigakafi ya fi magani. A wannan tsari, mai mabuɗi shi ne bankin kansa, shi ne kuma mai gadin kansa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.