Windows 10 ba ta mutu ba: a daina yi wa kwamfuta fomatin a kan jita-jita

Akwai wata magana da ke kai masu kwamfuta wurin masu gyara ba gaira ba dalili, daga Saulawa da Ikara har Makarfi da Hunkuyi. Wai duk na'urar da ke kan Windows 10 ta gama yawo, kamfanin Microsoft zai kulle ta daga Amurka, takardun da ke ciki su tafi. Sai mai shagon buga takardu ya saɓi kwamfutar da yake cin abinci da ita, ya hau motar Zariya ko Kano, ya ce a sa masa Windows 11 ko ta halin ƙaƙa. Ya dawo gida firinta ta ƙi magana da kwamfuta, CorelDRAW ɗin da yake tsara katin biki da shi ya ɓace, injin kuma ya koma jan ƙafa.

Ba wanda zai kulle kwamfutar kowa. Abin da ya faru a ranar 14 ga Oktoban 2025 shi ne Microsoft ta daina aiko wa Windows 10 facin tsaro na kyauta da ta saba aikowa duk wata. Manhajar tana tashi, tana buga takarda, tana buɗe Word da Excel kamar jiya. Windows 7 ma an janye mata tallafi tun 14 ga Janairun 2020, amma har yau ana cin karo da ita tana aiki a ofisoshi da shaguna. Misalinta kamar shago ne da mai gadinsa ya ajiye aiki: ƙofa na buɗewa, ciniki na tafiya, sai dai idan ɓarawo ya gano wata kafa a bango babu mai toshe ta.

Shi ya sa tambayar farko ita ce wane aiki kwamfutar ke yi. Wadda ba ta hawa intanet, aikinta buga jarrabawar makaranta da rasit da katin gayyata, a bar ta ta huta. Wadda ake shiga asusun banki da ita, ko ake yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, ko ake ajiye lambobin NIN da hotunan mutane, ita ce abin dubawa, domin amanar jama'a ce a ciki. A watan Mayun 2017 ƙwayar WannaCry ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnati da dama a Ingila, kuma ta shiga ne ta kafar da Microsoft ta riga ta fitar da facinta tun watan Maris, ba a dai saka ba. Akwai kuma matsalar da ke zuwa a hankali: Chrome ya daina sabuntawa a kan Windows 7 a farkon 2023, kuma Windows 10 ma ranarta na nan tafe.

Tambaya ta biyu ita ce ko injin zai ɗauka. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoban 2021, tana neman RAM na gigabait 4, wurin ajiya na gigabait 64, guntun tsaro na TPM 2.0, da furosesan Intel na zubi na takwas zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama. A nan gizo ke saƙa, domin kwamfutocin hannu da suka cika kasuwanninmu da yawansu ba su kai ba. HP EliteBook 840 G3 zubi na shida ce, ThinkPad T470 ba ta wuce na bakwai ba, amma 840 G5 da T480 masu furosesan zubi na takwas sun cika sharaɗi. Rubutun i5 ko i7 da mai sayarwa ke nuna wa mutum da yatsa ba ya nuna komai shi kaɗai. Lambar da ke biye da shi ake karantawa. Manhajar PC Health Check ta Microsoft tana ba da amsa cikin minti guda, kyauta. Wanda injinsa ya cika sharaɗi kuma Windows ɗinsa ta halal ce, hawa 11 bai kamata ya ci masa ko kwabo na lasisi ba, kuma ya dace ya hau.

Inda abin ke ɓata rai shi ne abin da wasu masu gyara ke yi da waɗanda ba su cika sharaɗin ba. Suna amfani da manhajar Rufus su tsallake binciken TPM, su cusa Windows 11 a injin da ya haura shekara goma, mai RAM 4 da tsohon faifai mai juyawa, su karɓi kuɗi. Microsoft ta faɗa ƙarara cewa irin wannan injin ba ta yi masa alkawarin sabuntawa ba. Daga nan sai su ɗora wata 'yar manhajar sata da ke sa Windows ta yi kamar an saye ta, kuma kafin ta zauna sai an kashe Defender, wato mai tsaron da ke ciki. Mutum ya taho neman tsaro, an kashe masa tsaron da hannu, an shigar masa da abin da shi kansa mai gyaran bai san wanda ya ƙera shi ba. Kwamfutar da aka yi wa haka ta fi Windows 10 ta halal haɗari nesa ba kusa ba. Duk mai gyaran da ya ce sai an kashe Defender kafin aiki ya yiwu, a karɓi na'ura a fita. Makarantu da ofisoshin ƙananan hukumomi ma ba su tsira ba: ana kiran yaro ɗaya da filashi ɗaya ya zagaye kwamfutoci duka, ba wanda ya tambayi abin da ke cikin filashin.

Mai tsohon inji yana da mafita mafi arha. Kuɗin fomatin ya ƙara a kai ya sayi SSD da ƙarin RAM zuwa gigabait 8, nan saurin da yake nema yake. Microsoft ta kuma buɗe shirin ESU mai tsawaita facin tsaro zuwa 13 ga Oktoban 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitinsa da asusun Microsoft. Wanda aikinsa bai wuce intanet da rubutu ba, Linux Mint kyauta ce kuma tana gudu a tsofaffin injuna, sai dai CorelDRAW ba ya zama a kanta.

Wanda zai hau Windows 11 kuwa, ya fara kwashe takardunsa zuwa filashi ko faifan waje, ya buɗe su a wata kwamfutar ya ga sun kwafu da gaske. Ya duba shafin kamfanin firintarsa ko akwai direban Windows 11, musamman tsofaffin LaserJet. Saukar da Windows 11 ta haura gigabait 5, don haka a tanadi data. Kada a fara aikin da dogaro da wutar NEPA ko batir da ya mutu. A tayar da janareta ko a jona sola, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya hana injin tashi. Idan an hau ta hanyar sabuntawa, ba fomatin ba, akwai kwana 10 da za a iya komawa Windows 10 daga cikin saiti, kuma a cikin kwanakin ne ya kamata a gwada firinta da sikana da kowace manhajar aiki.