Yadda Ake Koya wa Yaro Tattalin Kuɗi Tun Daga Barka da Sallah

Da wuya a sami wanda ya tashi a gidan Hausawa bai taɓa jin "kawo in ajiye maka" ba. Yaro ya dawo daga yawon Sallah da sababbin 'yan ɗari biyu-biyu cike da aljihu, uwa ta miƙa hannu, shi ke nan. Bayan wata guda ya yi cigiya, a ce masa, "Tuwon da kake ci fa, da me aka sayi masarar?" Abin da ya koya ranar shi ne ajiya asara ce, gara ya cinye tun a hanya. Daga nan gyara zai fara, ga kuma yadda ake yi.

Mataki na ɗaya: ku ƙirga tare, ku rubuta

Ku shimfiɗa tabarma, ya zube kuɗin ya ƙirga da kansa. A saya masa ƙaramin littafi, ya ja layi uku: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita. Yaron da ya kai aji uku na firamare zai iya. Wanda bai kai ba, yayarsa ta rubuta masa yana kallo.

Mataki na biyu: a raba kuɗin gida uku

A ce ya samo naira 6,000. Ya ware 2,000 na kashewa, 3,500 na ajiya, 500 na sadaka. Na kashewar nasa ne, ko alewa ya saya ko balan-balan kada a yi masa faɗa. Sadakar kuwa ya miƙa ta da hannunsa ga wanda ya zaɓa, don ya san akwai haƙƙin wani a cikin samunsa.

Mataki na uku: a raɗa wa ajiyar suna

Yaro ba ya tara kuɗi don "gaba", domin gaba ba ta da kama a idonsa. Ku tambaye shi me yake so: ƙwallo, takalmi, jakar makaranta? Ku je ku ji farashi tare, a rubuta a jikin asusu, na ƙasa ne ko na katako, tare da ranar fasawa. Kada wa'adin ya wuce wata uku ko huɗu. Gara da ɓera suna cin takarda, tsada kuma ta fi su ci: a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Masu asusu ba su manta da farkon 2023 ba, bayan da aka sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, aka yi ta fasa asusu ana rige-rigen kai tsofaffin kuɗi banki.

Mataki na huɗu: a mayar da kuɗin tara na mako

In kuna ba shi 200 kullum, ku ba shi 1,000 ranar Litinin, ku ce ta kai shi Juma'a. Makon farko zai iya cinye ta zuwa Laraba. Nan ne iyaye ke karaya. Ku tabbatar ya karya kumallo sosai a gida, amma kada ku ƙara ko sisi. Kwana biyun da zai yi yana kallon mai awara sun fi nasihar shekara tasiri.

Mataki na biyar: a tafi da shi kasuwa

Ya ga yadda ake tayi, yadda ake cewa "albarka", yadda ake zagayawa rumfa ta biyu kafin a biya. Sannan a aike shi shi kaɗai da jerin cefane, ya dawo da canji da lissafi. In ya rage wani abu ta hanyar iya ciniki, a raba da shi.

Mataki na shida: a juya kuɗin

Idan an fasa asusu karo na biyu, ku ba shi shawarar sayen kaza. Kwana 21 take yi tana kwanci ta ƙyanƙyashe, ga darasi a tsakar gida. Ya rubuta kuɗin dusa da na magani, ya cire su kafin ya kira sauran riba. A nan zai gane bambancin uwar kuɗi da riba, ya kuma gane ba a cin uwa. In shaho ya ɗauke 'yan tsaki biyu, ya rubuta su a matsayin faɗuwa, don ita ma cikin kasuwanci take. Daga kaza ake kaiwa ga akuya.

Mataki na bakwai: in ya fara girma

Saurayi ko budurwa da suka fara riƙe waya suna buƙatar ƙarin tsaro. Ku buɗe masa asusun banki na yara da takardar haihuwarsa. Masu gudun kuɗin ruwa suna da irin su bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012. Ku koya masa kada ya faɗa wa kowa lambar sirrinsa ko BVN, ko da mai kiran ya rantse daga banki yake. Ku ba shi labarin MMM, wanda ya yi alkawarin ribar kashi 30 a wata, ya rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016. Cacar ƙwallo ma 'yar uwarsa ce. Kwaɗayi mabuɗin wahala. In zai shiga adashi, ku san uwar adashin, kuma zubin kada ya fi ƙarfin samunsa.

Duk waɗannan matakai a kan amana suke tsaye. Rana za ta zo da gida zai rasa kuɗin cefane, asusun yaro kuwa na nan a lungu. Babu laifi a ranta, amma a nemi izininsa, a rubuta a littafinsa, a sa rana, a kuma biya a ranar, a gabansa. Yaron da aka taɓa biyan bashi cif-cif, in Sallah ta zagayo, da kansa zai zo ya ce, "Umma, ajiye mini."