YADDA AKE YIN ALEWAR SOHAN TA ƘASAR FARISA A GIDA

Gabatarwa

Sohan asali alewa ce mai garas-garas wadda mutanen Farisa, wato Iran ta yanzu, suke yi da sukari da zuma da ƙwayar almon. Kalmar "asal" tana nufin zuma a Farisanci. An fi yin ta a lokacin bikin Nauruz, sabuwar shekararsu, wadda ke faɗowa ranar 20 ko 21 ga Maris, inda ake miƙa wa baƙi ita tare da shayi.

Iraniyawa suna ƙawata ta da za'afaran, wanda ƙasarsu ta fi kowace ƙasa nomawa, da kuma ƙwayar fustuk ta lardin Kirman. Waɗannan kaya suna da tsada a kasuwanninmu, amma gyada ko gyadar yazawa ko riɗi suna iya maye gurbin almon. Duk wanda ya san kantu ba zai ga aikin baƙo ba. Hanya ce ta ƙara wa amfanin gona daraja, muddin an kiyaye abubuwa biyu: zafin wuta da danshi.

Kayan haɗi

1. Sukari, giram 200 (kofi 1)
2. Zuma tatacciya, babban cokali 3
3. Man gyada ko man shanu, babban cokali 4
4. Almon ko gyada ko gyadar yazawa, giram 150
5. Za'afaran kaɗan, a jiƙa a ruwan wardi cokali 2, idan akwai
6. Dakakken fustuk ko riɗi, domin barbaɗawa

Zaɓen gyada

A tsince gyada da kyau. A zubar da duk ƙwayar da ta yi funfuna, ko ta yamushe, ko ƙwaro ya huda. Irin wannan ƙwaya takan ɗauki gubar afulatoksin mai illa ga hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. A soya gyadar sama-sama, a murje, a fece, a ɓarza.

Matakan aiki

1. A shafa wa babban faranti mai, a ajiye shi kusa, tare da kwanon ruwan sanyi. Da zarar alewa ta nuna, babu sauran lokacin neman kaya.
2. A zuba sukari da zuma da mai a tukunya mai kauri, a ɗora kan matsakaiciyar wuta, ana juyawa a hankali da muciya har sukarin ya narke.
3. A zuba gyadar, a ci gaba da juyawa har haɗin ya yi launin zuma mai duhu.
4. A zuba ruwan za'afaran a hankali, domin haɗin zai yi tsartuwa.
5. A gwada nuna. Ana bukatar zafi ya kai kimanin digiri 150 na Salshiyos. Inda babu ma'aunin zafi, a ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi. Idan ɗigon ya sandare ya karye ƙas, ta nuna; idan yana tanƙwaruwa ko yana manne wa haƙori, da saura.
6. A rage wuta sosai, a riƙa ɗiba da cokali ana ɗorawa a faranti da hanzari, ana barin tazara. A barbaɗa fustuk ko riɗi tun da zafinta.
7. A bar ta ta huce sarai kafin a ɓamɓare.

Dalilin gwajin shi ne, gwargwadon yadda zafi ke hawa, haka ruwan da ke cikin sukari ke ƙafewa. A digiri 150 kusan duk ruwan ya fita, shi ya sa alewar ke bushewa kamar gilashi. Idan aka sauke da wuri, za ta yi danƙo. Idan kuwa aka zarce, za ta ƙone ta yi ɗaci, kuma babu gyara.

Adanawa

Zuma da narkakken sukari suna jan danshi daga iska. Saboda haka a zuba alewar cikin kwalba ko gwangwani mai murfi da zarar ta huce, ko a ɗaure ta a leda. Ta fi daɗewa da hunturu. Da damina, da kuma a yankunan kudu masu danshi, a yi daidai wadda za a sayar cikin 'yan kwanaki.

Gargaɗi

Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi, kuma yana mannewa a fata. A nisantar da yara daga murhu. Idan an ƙone, a zuba wa wurin ruwan sanyi na tsawon minti 20. Kada a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba wannan alewa, saboda zumar da ke ciki da kuma haɗarin shaƙewa.

Kammalawa

Ana shawartar mai son yin sana'ar da ya fara da awo ɗaya, ya rubuta abin da ya kashe, ya kuma ƙware a gwajin ruwan sanyi kafin ya ƙara yawa. Domin ƙarin bayani, a tuntuɓi malamin gona mafi kusa.